A Daina Barin 'Yan Firaktikal Su Kaɗai da Allurar Jarirai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu na jaridarka in yi magana da Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta jiharmu Kano da shugabannin makarantun koyon aikin lafiya, a kan wani abu da ya zama ruwan dare a ƙananan asibitocin unguwa. Ana barin ɗaliban da aka turo firaktikal su kaɗai suna yi wa jarirai allurar rigakafi, babu babba a kansu, kuma babu mai gaya wa uwar yaro cewa wadda ke riƙe da sirinjin nan koyo take yi.

Tun da wuri bari in toshe bakin masu neman abin kamawa. Ni ba na cikin masu ƙin rigakafi. A aikin na tsufa. Ma'aikaciyar lafiyar al'umma ce ni har na yi ritaya, na yi zaman asibitin ƙauye, na rataya kula a kafaɗa na shiga gida-gida a lokacin da ɗigon shan inna ke jawo wa mutum zagi da korar kare. 'Ya'yana da jikokina babu wanda katinsa bai cika ba. Duk mai neman hujjar hana matarsa kai yaro asibiti ya je ya nema a gaba, ba a wasiƙar nan ba.

'Yata ce ta zo gida wanka, haihuwar fari. Ana gama arba'in jaririyar ta cika sati shida, lokacin komawa rigakafi ya yi. Kowa ya san halin mai ɗan fari a wajenmu, ko kallon kirki ba ta yi wa yaro a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta yi tambaya a kansa. Don haka ni na saɓa kishiyar tawa a kafaɗa, uwar na biye da kati da jaka, muka nufi asibitin da ya fi kusa da mu. Ba zan faɗi sunansa ba. Abin da na gani ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma ba na so a huce a kan wata baiwar Allah guda a ce an gyara.

Mun tarar da rumfar ta cika maƙil, wasu a benci, wasu a tabarma, wasu a tsaye suna jijjiga goyo. A kusurwa aka ajiye teburin allura, 'yan mata uku a kansa cikin fararen kaya, babbarsu da ƙyar in ta kai ashirin. Ɗaya na karɓar kati, ɗaya na zuƙo magani, ɗaya na tsirawa. Idon wanda ya yi aikin ba ya hutawa ko da ya so, saboda haka tun ina layi na fara ganin abin da ya hana ni sakewa. An zuƙe sirinji da yawa an jera a faranti, suna jiran yaran da layi bai zo kansu ba. Kula a buɗe, kwalaben Penta, allurar da ke kare cututtuka biyar, na zaune kai tsaye a kan ƙanƙarar da aka ciro daga firiza, ko gumi ba ta fara ba. Mai karɓar kati na cike gurabe da biro tun kafin a taɓa yaro, ta miƙa wa uwa, ba ta ce mata ga abin da aka yi ba, ba ta ce ga ranar dawowa ba. Na ga an kwantar da wani yaro rub da ciki a kan ƙafar uwarsa, allura ta shiga can sama wajen ƙugu. Na ga an mayar wa allura murfi da hannu biyu bayan an gama da ita, abin da ake hana ɗalibi tun makon farko don kada ya soke kansa.

Da layi ya zo kanmu na ce, "'Yata, ke ma'aikaciya ce ko ɗaliba?"

Ta sunkuyar da kai. "Mama, firaktikal muka zo."

"Ina antinku?"

"Tana ɗakin haihuwa, wata aka kawo da naƙuda. Ta ce mu ci gaba kafin ta fito."

"To, wannan da ke hannunki wacce ce?"

Ta dubi sirinjin, ta dubi farantin, ta dubi ƙawarta. "Penta ce," in ji ta. Sannan murya ƙasa-ƙasa ta ƙara da cewa, "ko PCV."

Nan gabana ya faɗi. Wanda bai san aikin ba zai ce ai allura duk allura ce. Penta da PCV, mai kare ciwon haƙarƙari, kowacce rabin mililita ake zuƙa, ruwansu duka fari-fari ne, sirinjinsu iri ɗaya. Da zarar sun bar kwalba an jera su wuri guda, ko farfesa ba zai rantse ya ce wannan ce wannan ba. Shi ya sa ƙa'ida ta ce sai yaro ya zauna a gabanka za ka zuƙo, ka yi masa nan take. A yadda na tarar da teburin nan, yaro na iya komawa gida da Penta biyu a jikinsa babu PCV ko ɗaya, katinsa kuwa ya nuna komai daidai.

Na ce za mu jira babbar ta fito. Ai kuwa sai bayana ya ɗau guna-guni. Wata ta ce, "Hajiya, don Allah ki matsa a sallame mu, mun bar girki." Wata ta ce, "Ke likita ce?" 'Yata kuwa sai jan hijabina take yi, kunya kamar ta nutse. Ban ga laifinsu ba. Mace ta roƙi izini da ƙyar, ta biya kuɗin Adaidaita, ta bar yara a gida, ba ta da lokacin gardamar wata tsohuwa. Na dai ce wa 'yan matan su dakata da abin da ke farantin, suka dakata, kuma na ga alamar sauƙi a fuskarsu, ba fushi ba.

Can sai ga antin ta fito, idanu jawur, tana goge hannu. Daga kalma biyu ta gane 'yar gida ce ke magana. Ta ce, "Mama, wallahi ni kaɗai ce yau. Inchaj ya tafi taro a ƙaramar hukuma, ɗayar tana hutun haihuwa. In na tsaya a nan, waccan ta haihu a ƙasa." Ba ta yi musu ba, ba ta ɗaga murya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta kwashe sirinjin da aka jera ta zuba a akwatin zubar da allura, ta fitar da ƙanƙarar, ta ɗauko sababbin kwalabe daga firij. Sannan ta juyo ta ce, "Mama, kin yarda ɗalibata ta yi mata ina tsaye?" Na ce na yarda. Ta nuna wa yarinyar tsakiyar cinya ta gefen waje, ta gyara mata riƙo, ta ce bismillah. Yarinyar ta yi tsaf. Hannunta mai kyau ne ma, in ta samu mai tsaya mata za a yi ma'aikaciya.

Ka ga ke nan, Malam Edita, ɗalibar da na hana ita ce dai ta yi wa jikata allura, kuma da yardata. Abu biyu kawai suka canza: an tambaye ni, kuma babba na tsaye. Abin da ya hana ni barci a daren shi ne yaran da aka sallama kafin mu.

Mutane na ɗauka aikin rigakafi tsira allura ne kawai, har ana cewa ai ko mai kemis yana yi. Tsirawar ita ce mafi sauƙi a ciki. A sati shida jariri na karɓar ɗigo biyu a baki, na shan inna da na Rota mai kare gudawa, wanda aka shigo da shi cikin jadawalin ƙasar nan a 2022. Sai allura uku: Penta, wadda ta haɗa kariya daga mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙe-haƙora, ciwon hanta da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da ciwon haƙarƙari; sai PCV; sai allurar shan inna. Penta a cinya ɗaya, sauran biyun a ɗaya cinyar da tazarar yatsu biyu tsakaninsu, domin in wani wuri ya kumbura a san wacce ce ta jawo. Ba a yi wa jariri a ɗuwawu, saboda akwai babbar jijiya da ta sauko ta nan zuwa ƙafa, in allura ta same ta yaro na iya tashi yana jan ƙafa har ya tsufa. Na ga irinsu a ƙauye, an yi musu allurar zazzaɓi a shago, iyaye na cewa inna ce ta sha su.

Sai maganar sanyi, wadda ita ce ɗalibai suka fi yi wa fahimtar baibai. An gaya musu zafi na kashe maganin rigakafi, sai su ɗauka iya sanyi iya kyau. Tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye shi. Penta da PCV da allurar shan inna in suka daskare sun tashi daga aiki, kuma ko sun narke ba sa dawowa. A ido lafiya lau, a jiki babu kariya, wani lokaci ma su bar wa yaro ƙulli a cinya. Shi ya sa ake fito da ƙanƙarar a ajiye ta har sai ka girgiza ka ji ruwa na motsi a ciki kafin a jera ta a kula. A jikin kwalba akwai ɗan tambari, murabba'i a cikin da'ira. In na cikin ya yi duhu ya kamo na waje, zafi ya gama da maganin, sai zubarwa. BCG mai kare tarin fuka da ta ƙyanda gari ne, da nasu ruwan haɗi da kamfanin ya aiko tare da su, ba a aron na wani. In an haɗa, awa shida ne iyakarsu, ko da kwalbar ba ta yi rabi ba. Ma'aikaci mai tausayin magani da ya ɓoye ragowa zuwa gobe na iya kashe yaro.

BCG kuwa, allurar lamba, ita ce gwajin hannu. Ɗan mitsitsin ruwa ne, kashi ɗaya cikin goma na abin da ake zuƙa na Penta, kuma a cikin fatar dantse ake sa shi, ba ƙarƙashinta ba, har sai wurin ya ɗan taso ya yi fari. Fatar ɗan kwana biyu ce fa, ga shi yana wutsil-wutsil. In hannu ya zarce, sai ƙurji mai zurfi ko kaluluwa a hammata. Mu a lokacinmu sai ka daɗe kana kallo kafin a bar ka ka taɓa ta, kuma ranar da za ka taɓa, numfashin matron na bayan kunnenka. Kuma akwai abin da ba ya cika faruwa amma yana faruwa: yaro ya karɓi allura, cikin 'yan mintuna jiki ya saki, numfashi ya sarƙe. Don shi ake cewa uwa ta ɗan zauna kafin ta tafi, don shi ake ajiye adirenalin, allurar ceton gaggawa, a kusa. A ranar nan, da abin ya auku, wacce cikin 'yan matan uku ce za ta gane shi, ta san inda maganin yake, ta san nawa ake zuƙa wa ɗan sati shida?

A layinmu akwai wani yaro da cinyarsa ta kumbura bayan allurar sati goma, ta yi ruwa, sai da aka tsaga. Yaron ya warke, tabo kawai ya rage. Amma da uban ya tambayi wa ya yi masa, uwar ta ce, "Wata 'yar yarinya ce." Nan take ya yi rantsuwa ba a ƙara kai masa ɗa a koyi aiki a kansa. Yaron ya wuce wata tara babu ta ƙyanda, babu ta shawara, babu ta sanƙarau. An haifi ƙanwarsa, ko lamba ba a yi mata ba. 'Ya'yan abokiyar zamanta ma dokar ta hau kansu. Kakarsu kuwa duk gidan suna da ta shiga sai ta ba da labari, ta rufe da "ai dama mun faɗa." Na je na yi wa mutumin magana, ya saurare ni da ladabi, ya raka ni har zaure, bai canza ba. Ƙurji ɗaya ya fitar da gida guda daga rigakafi, kuma babu rajistar da za ta nuna haka. A takarda dai za a rubuta cewa uwa ba ta dawo ba.

Masu zama a ofis su tuna da wahalar da aka sha kafin matan nan su fara cika rumfa da ƙafarsu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Amma abin da ya zauna a zuciyar mutane shi ne kukan iyayen cewa ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Wannan ciwon na cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi a 2003, har Kano ta dakatar da ɗigon shan inna, ba a dawo ba sai Yulin 2004 bayan an kawo magani daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Mu da muka shiga lunguna bayan haka mun san yadda ake rufe ƙofa a fuskar mutum. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe mata tara masu aikin rigakafi a cikin birnin nan. Sarakuna da malamai da masu unguwanni sun sa baki shekara da shekaru kafin a kai ga Agustan 2020, lokacin da aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Kuma aiki bai ƙare ba. Har yanzu ana lissafa yara fiye da miliyan biyu a Najeriya da ba su taɓa karɓar Penta ko sau ɗaya ba, akasarinsu a Arewa. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022 Kano ya fi yi wa ɓarna, kuma yawancin waɗanda ya kama ba su cika rigakafinsu ba. Yardar da aka saya da wannan tsada ita muke miƙa wa 'yar shekara goma sha tara, mu ce ta ci gaba kafin mu fito.

Kada a ce ina kururuta abu. A 2017 a yankin Kapoeta na Sudan ta Kudu yara 15 suka mutu bayan rigakafin ƙyanda, kuma gwamnatin ƙasar da kanta ta ce waɗanda suka yi aikin ba su da horo, sirinji ɗaya suka yi ta amfani da shi kwanaki, maganin kuma ba a cikin sanyi yake ba. A Samowa, wata ƙaramar ƙasar tsibirai mai mutum kusan dubu ɗari biyu, jarirai biyu suka rasu a 2018 saboda an haɗa garin rigakafin ƙyanda da maganin saki-jiki na ɗakin tiyata a madadin ruwan haɗi. Can ma ba ɗalibai ba ne, nas-nas ne masu lasisi. Iyaye suka tsorata, aka dakatar da allurar watanni, da ƙyanda ta shigo a 2019 ta kashe mutum 83, galibi ƙananan yara. In mai lasisi na iya wannan kuskure, ina ga wadda ba ta gama aji ba kuma babu ido na biyu a kanta?

To, laifin wa? 'Yan matan nan su ne na ƙarshe a layin zargi. An ce su yi, suka yi, kuma ɗalibin da ya ce wa babba "ban iya ba" ya san abin da zai biyo baya ranar sa hannu a logbuk, littafin shaidar firaktikal ɗinsa. Ba kuma zan ce a hana ɗalibi taɓa allura ba. Ni ma wata uwa ce ta miƙo min cinyar ɗanta ranar farko, babu wanda aka haifa da sirinji a hannu. Amma tela ma ba ya miƙa wa yaron shago shaddar ango ya ce yanka kafin in dawo daga masallaci.

Makarantu na da kaso mai tsoka. Sun yi yawa, musamman masu zaman kansu, kowacce na ɗibar ɗalibai fiye da abin da ɗakin gwajinta zai ɗauka, in lokacin firaktikal ya zo a rubuta wasiƙa a watsa su asibitoci. Sai ka ga asibiti mai ma'aikata biyu an turo masa ɗalibai goma. Malamin da ya kamata ya riƙa zagayawa ba a ganinsa sai ranar ƙarshe, wani ma ba ya zuwa, a tara logbuk a sa hannu jimla. Karatun CHEW, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, shekara uku ne, na JCHEW, ƙaramin matakinsa, biyu, amma mai zuwan farko da mai zuwan ƙarshe duk yunifom ɗaya, teburi ɗaya, aiki ɗaya. Mu ma'aikata ma kada mu wanke kanmu. Wadda na tarar naƙuda ce ta janye ta, uzurinta karɓaɓɓe ne. Amma akwai waɗanda zuwan 'yan firaktikal hutu ne a wajensu, a shige ofis a danna waya, a baje atamfa da turaren sayarwa, yara na can na fama da layi. Mun san juna.

Babban kason kuwa na gwamnati ne. Abin takaici, a yawancin asibitocin nan akwai waɗanda suka gama karatu, suka ci jarrabawar hukuma, suka karɓi lasisi, suna zuwa aikin sa-kai shekaru babu albashi, sai ɗan abin da inchaj ya tsakura musu na mota. Ranar da ba su da kuɗin motar ba sa zuwa, wa zai ce don me? Ga ƙwararru a ƙasa ba a ɗauka ba, manya na ta yin ritaya ba a cike gurbinsu, sai aka mayar da ɗalibai su ne ma'aikata na kyauta. An gyara gini, an shafa fenti, an kafa sola da firij, duk mun gani mun gode. Wanda zai zauna a kujerar ne babu.

Na san abin da za a ce: in aka dage sai babba na tsaye, layi zai kai la'asar, mata su gaji su watse, wadda ta watse kuma ba lalle ta dawo ba. Gaskiya ne, kuma na fi kowa sanin zafin ganin uwa ta juya da yaro ba a yi masa ba. Amma aikin ranar rigakafi yana da yawa wanda ɗalibi zai yi shi kaɗai ba tare da haɗari ba: awon nauyi, duba kati, cike rajista, jawabin safe, tsara layi, gaya wa uwa ranar dawowa da abin da za ta yi in jiki ya yi zafi. In aka sauke wa babba duk wannan, ita ta zauna a teburin allura kawai, ɗaliba ɗaya a gefenta suna karɓa-karɓa, layin zai fi na yanzu sauri. In kuma dole ta tashi, a rufe kula a ce wa mata ga dalili. Matan da suka yi min guna-guni, da anti ta fito ta ce musu haihuwa ta karɓa, barka suka shiga yi mata.

Abin da nake roƙon Hukumar shi ne ta fitar da takarda a rubuce, a manna a bangon kowane asibiti da Hausa, da boko da ajami, cewa ɗalibi ba ya yin allurar rigakafi sai mai lasisi na kusa da shi inda hannunta zai kai. Ba a ɗaki na gaba ba. A sa wa ɗalibai baji ko wani launi daban da uwar da ba ta yi boko ba za ta gane daga nesa, domin a idonta duk mai farin kaya likita ne. A tambayi uwa, jimla ɗaya ce: "Wannan ɗalibata ce, kin yarda ta yi ina tsaye?" In ta ce a'a, a yi mata ba harara, ba "koma ƙarshen layi." Ina tabbatar muku yawanci za su yarda. Wannan ba alfarma ba ce ma. Kundin haƙƙin marasa lafiya da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a 2018 ya ba majiyyaci haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, da haƙƙin kai ƙorafi. Allurar lamba kuma a cire ta daga hannun masu zuwan farko gaba ɗaya. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista da ta nas-nas da ungozoma su ƙayyade yawan ɗaliban da za a tura wa ma'aikaci guda, makarantar da malaminta bai taka asibiti ba kada a karɓi logbuk ɗinta. Kwamitocin raya mazaɓu da ke da alhakin sa ido a asibitocin nan su riƙa leƙowa ranar rigakafi, ba sai ranar da baƙi za su zo da kyamara ba.

Ku kuma 'ya'yana mata, ku ci gaba da kai yara, sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu, wata tara, wata goma sha biyar. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu da ɗan taurin wuri ba abin tsoro ba ne, kada a gasa da ruwan zafi, kada a murza. In kumburi ya ci gaba da girma, ya yi ja, ko yaro ya ƙi nono, a koma asibitin a nuna, akwai fam na musamman da ake cikewa don irin wannan, kuma wajibinsu ne su cike. Kafin a tsira, ki tambaya: wacce za a yi masa yau, wa zai yi, yaushe zan dawo? Ki ga an zuƙo a gabanki daga sabon sirinji. Mai ɗan fari in kunya ta hana ta, ta tafi da uwa ko yaya ko gwaggo. Iyaye maza kuma, wanda aka ɓata wa ya je wajen inchaj, in bai gamsu ba ya wuce wajen jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma. Rantsuwa a tsakar gida ba ta kai wa kunnen kowa, yaronka kawai take bari a buɗe ga ƙyanda.

Kai kuma Malam Edita, kada ka tsaya a maganata. Ka tura wakiliyarka mace, da hijabinta, ba tare da sanarwa ba, ta zauna a benci a asibitocin unguwa uku ko huɗu ranar rigakafi, tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya na safe. Ta ƙirga masu farin kaya, ta tambayi nawa ne masu lasisi, nawa ke karɓar albashi, nawa ne ɗalibai. Abin da ta samo a kai wa Hukumar, a buga amsarta a wannan shafi yadda mu ma za mu karanta.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar lafiya,
Kano.